Jiragen Shawagi na Ƙasar Folan: Tarihinsu da Yadda Ake Ƙera Su

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da tsakar rana a lokacin bazara ya ga yadda ungulu ko shirwa ke kewaya sararin samaniya na tsawon lokaci ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Wannan abu da Bahaushe ya kira shawagi shi ne ɗan'adam ya kwaikwaya ya ƙera wani nau'in jirgin sama wanda ba shi da inji ko kaɗan. Ƙasashe da dama sun gwada hannunsu a wannan fasaha, amma ƙalilan ne suka yi fice, kuma daga cikinsu akwai ƙasar Folan da ke tsakiyar nahiyar Turai.

Wannan babi zai yi bayani a kan ma'anar jirgin shawagi da yadda yake aiki. Daga nan zai bi diddigin tarihin ƙera shi a ƙasar Folan, tun daga gwaje-gwajen farko har zuwa lokacin da aka daina amfani da katako. Haka kuma za a dubi matakan ƙira, da sunayen da aka raɗa wa jiragen, da dalilan da suka sa waɗanda aka ƙera a wancan zamani suka yi ƙaranci a yau. Ana fatan ɗalibi mai shirin zama malami zai lura da yadda ake sarrafa Hausa wajen bayanin abin da ba a saba gani ba a ƙasarmu, domin irin wannan aiki yana jiran sa a aji.

2.0 Ma'anar Jirgin Shawagi

Jirgin shawagi jirgin sama ne mai dogayen fikafikai da siririyar gangar jiki, wanda ke tafiya ta hanyar zamiya a cikin iska. Yakan ɗauki mutum ɗaya ko biyu. A harshen Folan ana kiran sa szybowiec, kalmar da ta samo asali daga aikatau mai ma'anar yin shawagi. Ke nan sunan da aka ba shi a Hausa ya yi daidai da yadda masu shi suka kira shi.

2.1 Yadda Ake Tayar da Shi

Tun da ba shi da inji, dole a sami abin da zai ɗaga shi daga ƙasa. Akwai hanyoyi uku da aka fi sani. Hanya ta farko, wadda ita ce mafi daɗewa, ita ce ta igiyar roba. Akan kai jirgin kan tudu, mutane su kasu gida biyu su ja robar da gudu suna gangarawa, sannan a saki jirgin ya harba kamar dutse daga danƙo. Hanya ta biyu ita ce ta injin naɗe igiya, wanda akan girke a ƙarshen fili, ya riƙa naɗe doguwar igiyar ƙarfe da sauri har jirgin ya ɗaga sama. Hanya ta uku ita ce jaye, inda ƙaramin jirgi mai inji ke jan na shawagi da igiya har su kai tsayin da ake so, sannan matuƙi ya saki igiyar.

2.2 Yadda Yake Daɗewa a Sama

Da zarar an saki igiya, jirgin shawagi gangarowa yake yi sannu a hankali. Abin da ke hana shi sauka da wuri shi ne matuƙi ya nemo iskar da ke hawa sama da saurin da ya fi na gangarowarsa. Irin wannan iska kashi uku ce. Akwai wadda ke bugun tsauni ta haye samansa. Akwai kuma zazzafar iska da ke tashi daga ƙasa idan rana ta gasa ta, wadda sau da yawa gajimare mai kama da tarin auduga ke tsayawa a kanta. 'Yar guguwar da akan ga tana murɗa ƙura a fili lokacin zafi alama ce ta wannan iska, kuma a cikinta ne ungulu ke kewayawa. Ta uku ita ce iskar da ke yin toroƙo a bayan manyan tsaunuka, kamar yadda ruwan kogi ke yi idan ya haye dutse. Wannan ita ce ke kai jirgi sama mafi nisa.

Ana gane ingancin jirgin shawagi da abin da za a kira ma'aunin zamiya, wato nisan da zai ci gaba a kan kowace mita ɗaya da ya gangaro. Alal misali, jirgi mai ma'auni 26, idan aka sake shi daga tsayin mita 1,000 a cikin iska mai natsuwa, zai yi tafiyar kilomita 26 kafin ya taɓa ƙasa. Yana da kyau ɗalibi ya riƙe wannan ma'auni, domin duk tarihin da ke tafe, a taƙaice, ƙoƙari ne na ƙara wannan adadi.

3.0 Tarihin Ƙera Jiragen Shawagi a Folan

3.1 Mafari

Tun daga 1795 zuwa 1918 babu ƙasar Folan a taswirar duniya, domin Rasha da Furusiya da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu. Duk da haka, a wajejen 1896 wani mai zanen hotuna ɗan Folan, Czesław Tański, ya haɗa wasu fikafikai da mutum ke ratayawa, ya kira su Lotnia, ya kuma yi 'yan gajerun tsalle-tsalle da su. A wannan shekara ce Bajamushen nan Otto Lilienthal, wanda ake ɗauka uban wannan fasaha, ya rasu sakamakon faɗuwar jirginsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta ɗaure hannun Jamus wajen ƙera jirage masu inji, sai matasanta suka koma ga shawagi, suka fara gasa a tsaunin Wasserkuppe a 1920. Folan da ke maƙwabtaka da su tana kallo. Sabuwar ƙasa ce mai ƙarancin kuɗi, ga ta tsakanin manyan maƙwabta biyu da ba ta amince da su ba, tana kuma bukatar matuƙa jirgin sama. Jirgin shawagi ba ya shan mai, ana kuma yin sa da katakon da ke cike da dazuzzukan ƙasar. Don haka ya zama hanya mafi sauƙi ta koya wa matasa tuƙi. An yi gasar farko a 1923 a Białka, kusa da garin Nowy Targ, aka yi ta biyu a 1925 a Oksywie da ke bakin teku. A waɗannan gasanni, wanda ya yi 'yan mintuna a sama ya yi abin a yaba.

3.2 Bunƙasa: 1928 zuwa 1939

Ɗaliban makarantar koyon injiniyanci ta birnin Lwów ne suka ɗora wannan fasaha a kan turba. Wannan birni yana cikin Folan a lokacin, amma yanzu yana ƙasar Yukren da sunan Lviv. A 1928 Szczepan Grzeszczyk ya yi minti 4 da daƙiƙa 13 a sama da jirgin CW-I, wanda ɗan'uwansa ɗalibi Wacław Czerwiński ya tsara. Daga nan ɗaliban suka shiga neman tsaunin da iskarsa ta dace, har suka dace da Bezmiechowa a kudu maso gabashin ƙasar, wurin da ya zama babbar makarantar shawagi.

Mutum biyu ne suka fi shahara wajen tsara jirage a wannan zamani. Czerwiński ya samar da Salamandra a 1936, wanda jirgin koyo ne mai ma'aunin zamiya kimanin 15, sannan ya tsara PWS-101 domin tafiya mai nisa. Na biyu shi ne Antoni Kocjan, wanda ke da masana'anta a Warsaw, ya kuma ƙera Wrona da Czajka da Komar da Orlik.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin wannan aiki. A watan Mayu na 1937 Wanda Modlibowska ta yi awa 24 da minti 14 a sama da jirgin Komar a Bezmiechowa, abin da babu macen da ta taɓa yi a duniya kafin ita. A ranar 18 ga Mayu, 1938, wani matashi mai suna Tadeusz Góra ya tashi daga Bezmiechowa da PWS-101, bai sauka ba sai kusa da birnin Wilno, tafiyar kilomita 577.8, wato kusan nisan hanyar mota daga Kano zuwa Maiduguri. Saboda wannan bajinta ne hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, ta ba shi Lambar Lilienthal, kuma shi ne mutum na farko da ya karɓe ta. A farkon 1939 an yi wata gasa a Italiya domin zaɓen jirgin da za a yi amfani da shi a wasannin Olamfik na 1940. Jirgin Meise na Jamus aka zaɓa, Orlik na Kocjan ya bi masa. Yaƙi ya hana yin wasannin gaba ɗaya.

3.3 Ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu

Jamus ta afka wa Folan ranar 1 ga Satumba, 1939, Tarayyar Sobiyat kuma ta shigo ta gabas ranar 17 ga watan. Jiragen shawagin ƙasar kusan duka an ƙone su ko an kwashe su ganima, zane-zanen ƙirarsu da yawa kuma suka salwanta. Czerwiński ya fita ƙasar, daga baya ya zauna a Kanada yana aikin tsara jirage. Shi kuwa Kocjan ya shiga rundunar ɓoye ta 'yan kishin ƙasa, inda ya yi amfani da iliminsa wajen tattara bayanai a kan makaman roka na Jamus, V-1 da V-2, ana aika su Landan. An kama shi, aka kashe shi a kurkukun Pawiak da ke Warsaw a watan Agusta na 1944.

Wani jirgin Orlik guda ya tsira saboda an kai shi baje koli a New York a 1939, yaƙi ya rutsa da shi a can. Da wannan jirgi ne Ba'amurke Paul MacCready ya lashe gasar shawagi ta Amurka a 1948 da 1949, abin da ya nuna cewa ƙirar Kocjan tana da sauran ƙarfi shekaru goma bayan yin ta.

3.4 Farfaɗowa

Bayan yaƙi iyakokin Folan sun sauya. Ta rasa Lwów, amma ta sami wasu yankunan Jamus a yamma, ciki har da ƙauyen Grunau mai tsohuwar masana'antar jiragen shawagi, wanda aka sauya wa suna zuwa Jeżów Sudecki. A 1946 aka kafa Cibiyar Shawagi a Bielsko, garin da aka sani yanzu da Bielsko-Biała, kusa da tsaunin Żar. A 1948 aka mayar da ita masana'antar gwaji, wadda ake taƙaita sunanta da SZD. Waɗannan haruffa uku su ne ke gaban sunan mafi yawan jiragen da za a ambata.

Aikin farko da injiniyoyin suka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Sun sami Salamandra guda da ya tsira, sai suka bi shi gaɓa-gaɓa suna aunawa, suka sake zana shi, aka ci gaba da ƙera shi. Da ba a sami wannan guda ɗaya ba, da ilimin ya bi zanen ya ɓace. Daga nan suka shiga sababbin ƙira. Sęp, wanda Władysław Nowakowski da Józef Niespał suka tsara, ya tashi a 1947, kuma a shekarar Adam Zientek ya shiga gasa da shi a Samedan ta ƙasar Suwizalan. Mucha ya biyo baya a 1948, sai Jastrząb na wasan alkafura a sama a 1949.

A wannan lokaci ne aka yi wasu gwaje-gwaje masu ban mamaki. Kaczka na 1949 an juya fasalinsa, aka sa ƙaramin fiffiken da aka saba gani a wutsiya a gaba. Nietoperz na 1951 kuwa ba shi da irin wutsiyar da aka saba da ita. Kowanensu guda ɗaya tak aka ƙera, domin manufar ita ce neman sani. A 1951 Jaskółka na Tadeusz Kostia ya fito, aka kafa tarihin duniya da shi sau da dama. Sai kuma Bocian mai kujera biyu, wanda ya fara tashi a watan Maris na 1952. An ɗan karkata fikafikansa gaba domin kujerar baya ta zauna kusa da tsakiyar nauyin jirgin, ta yadda ko da mutum a baya ko babu, daidaiton jirgin ba zai sauya sosai ba. An ƙera fiye da 600, mafi yawa a Jeżów, aka sayar wa ƙasashe da dama. A shekarun 1950 kuma injiniyoyin Folan sun je ƙasar Sin sun taimaka wajen kafa wannan sana'a a can.

3.5 Zamanin Gasar Duniya

Daga 1958 jiragen Folan suka shiga cin gasar duniya. A wannan shekara aka yi gasar a Leszno, cikin Folan, aka kuma shigo da sabon rukuni na jiragen da faɗin fikafikansu bai wuce mita 15 ba. Adam Witek ya lashe wannan rukuni da Mucha Standard, mai ma'aunin zamiya kimanin 28. A 1963 Edward Makula ya lashe babban rukuni a Junín ta ƙasar Ajantina da Zefir 2, ɗan ƙasarsu Jerzy Popiel ya zo na biyu da irin wannan jirgi.

Wanda ya fi jan hankali shi ne Foka, ƙirar Władysław Okarmus, da ya fara tashi a 1960. An siranta gangar jikinsa ƙwarai, har matuƙi kishingiɗa yake yi a ciki maimakon zama, domin rage turjiyar iska. Ma'aunin zamiyarsa ya kai kimanin 34. A 1965, a South Cerney ta Ingila, Jan Wróblewski ya shiga babban rukuni da Foka 4 mai mita 15, ya kuma doke jiragen da suka fi nasa tsawon fiffike. A 1966 aka fito da Pirat na Jerzy Śmielkiewicz domin ƙungiyoyin matuƙa, wanda aka ƙera kusan 800. Mata ma ba a bar su a baya ba. Pelagia Majewska ta kafa tarihin duniya sau da yawa, har FAI ta sa sunanta a lambar yabon da take ba matan da suka yi fice a shawagi.

3.6 Ƙarshen Zamanin Katako

A daidai wannan lokaci masana'antun Jamus suka koma ga zaren gilashi da ake jiƙawa da ƙaron roba, wanda ke ba da fiffike mai santsi da ba ya sauya siffa. SZD ta yi yunƙuri na ƙarshe da katako, ta fito da Cobra 15 mai ma'auni kimanin 38. A gasar 1970 a Marfa ta Amurka, Wróblewski da Franciszek Kępka sun zo na biyu da na uku da shi. Wannan babbar nasara ce, amma ta nuna cewa katako ya kai iyakarsa. A 1972 Jantar na Adam Kurbiel ya tashi, wanda da shi ne Folan ta shiga zamanin zaren gilashi. Bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989, masana'antar gwamnati ta Bielsko ta shiga matsin tattalin arziki har ta durƙushe, kamfanoni masu zaman kansu suka gaji wasu daga cikin ƙirarta.

4.0 Yadda Ake Ƙera Jirgin Shawagi na Katako

Matsalar da ke gaban maƙerin jirgin shawagi ita ce haɗa abubuwa biyu da ba su cika zama wuri ɗaya ba, wato ƙarfi da rashin nauyi. Ga matakan da ake bi:

Zaɓen katako. Ana amfani da itacen da mutanen Folan ke kira sosna, mai ganye kamar allura, wajen yin ƙasusuwan jirgi. Dole katakon ya kasance mai miƙaƙƙen zare, marar ƙulli, a kuma busar da shi sannu a hankali. Akan yanki samfuri a gwada ƙarfinsa kafin a yarda da shi. Filawud ɗin da ake rufi da shi kuwa daga wani itace mai farin ɓawo ake yin sa, wanda suke kira brzoza. Siriri ne ƙwarai, a wasu sassan kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba.

Ginshiƙin fiffike. Wannan shi ne dogon katakon da ya ratsa fiffike daga tushe zuwa ƙarshe, kuma shi ke ɗauke da nauyin jirgi a sama, kamar yadda azara ke ɗauke da rufin soro. Ba daga gungume ɗaya ake sassaƙa shi ba. Siraran katakai ake mannawa bisa juna, a yi sama da ƙasa, a rufe gefuna da filawud ya zama kamar dogon akwati. Inda za a haɗa katako biyu, akan fere bakin kowane a karkace da tsawo sosai, domin gam ya sami wurin kamawa mai faɗi.

Haƙarƙari. Waɗannan su ne ke ba fiffike siffarsa. Akan lanƙwasa siraran sanduna a kan allon da aka zana siffar, a manna su da 'yan guntayen filawud. Fiffike ɗaya yana da haƙarƙari masu yawa, kuma tun da yana sirancewa zuwa ƙarshe, kusan kowane da girmansa.

Rufi. Daga ginshiƙi zuwa goshin fiffike ana lulluɓewa da filawud, wanda ke hana fiffiken murɗewa. Sauran bayan kuma a rufe da yadin auduga, a ɗinke ko a manne shi a kan haƙarƙari, sannan a shafa masa wani ruwan magani da ke sa ya ɗame kamar fatar ganga, ya kuma hana iska da ruwa ratsawa. A jiragen baya-baya irin su Foka da Cobra, an ƙara yawan filawud, ana kuma gasa siffarsa a cikin mazubi, domin ko ɗan tudu kaɗan a bayan fiffike yana rage zamiya.

Gam. Rayuwar matuƙi a kan gam ta rataya, domin shi ke riƙe da katakan, ƙarfe kuwa sai a mahaɗar fikafikai da wayoyin sarrafawa. Da farko da gam ɗin da ake samu daga madara ake aiki. Yana da ƙarfi, amma idan danshi ya daɗe a kansa sai ya yi fumfuna ya saki. Daga baya aka koma ga gam na sinadarai.

Gwaji. Sabuwar ƙira ba ta tashi sai an ɗora wa fiffikenta nauyi a ƙasa an tabbatar zai jure fiye da abin da zai haɗu da shi a sama. Bayan haka matuƙin gwaji ya tashi da ita. Adam Zientek da aka ambata a baya yana cikin waɗanda suka daɗe suna wannan aiki mai haɗari a Bielsko.

5.0 Sunayen Jiragen

Mai nazarin harshe zai lura cewa yawancin sunayen nan na halittu ne masu tashi. Sęp na nufin ungulu, Jastrząb shaho, Wrona hankaka, Kaczka agwagwa, Jaskółka tsattsewa, Nietoperz jemage, Mucha ƙuda, Komar kuma sauro. Sau da yawa sunan yana bayyana hali ko siffa. Jirgin alkafura an ba shi sunan shaho mai kai bara, marar wutsiya kuma aka kira shi jemage. Wannan ya yi kama da yadda Bahaushe ke raɗa wa mota ko babur laƙabi gwargwadon siffarsa ko gudunsa.

Bocian kuwa sunan farar shamuwar Turai ne, 'yar'uwar wadda muke gani da damina. Folan na cikin ƙasashen da wannan tsuntsuwa ta fi yin sheƙa, kuma idan sanyi ya gabato takan yi ƙaura zuwa Afirka ta kan Turkiyya da Masar, wasu su yada zango a Sudan da Chadi. Mafi yawan wannan tafiya da shawagi take yin ta a cikin zazzafar iska, shi ya sa take kauce wa tsallake teku mai faɗi, inda irin wannan iska ba ta tashi. Sunan ya dace da jirgin.

Wajen karanta sunayen a aji, malami ya sani cewa a rubutun Folan sz na daidai da sh, cz na daidai da c ta Hausa, j na daidai da y, harafin ł kuma ana furta shi kamar w.

6.0 Dalilan Ƙarancinsu da Ƙoƙarin Adana Su

Dalilai huɗu ne suka sa waɗannan jirage suka zama abin nema. Na farko shi ne yaƙi, wanda ya share kusan duk abin da aka ƙera kafin 1939. Na biyu, wasu tun asali guda ɗaya ko 'yan kaɗan aka yi. Na uku, katako da yadi da gam ba sa jure danshi, kuma ɓarnar takan fara ne daga ciki inda ido ba ya gani. Na huɗu, da jiragen zaren gilashi suka shigo, ƙungiyoyi da yawa sun ɗauki na katako a matsayin tsofaffin kaya masu cin wuri, aka soke rajistarsu aka farfasa su.

Akwai hanyoyi biyu da ake bi wajen ceto abin da ya rage. Ta farko ita ce ajiya. Gidan adana kayan tarihin jiragen sama na Folan da ke Kraków yana da tarin waɗannan jirage, ciki har da Sęp da Nietoperz da Zefir 2. Ta biyu ita ce gyara su domin su ci gaba da tashi. A 1973 aka kafa ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin jiragen shawagi a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Chris Wills, wadda ke haɗa mambobinta daga ƙasashe daban-daban a taruka, inda akan ga Bocian da Mucha da Foka a sama.

Masu wannan aiki suna da saɓanin ra'ayi. Wasu na ganin jirgin da ya rage guda ɗaya bai kamata a tashi da shi ba, domin idan ya faɗi an yi asarar da ba ta da madadi. Wasu kuma na ganin jirgin da aka rataye a ɗaki gangar jiki ce kawai, domin sanin yadda ake fere katako, da ɗame yadi, da sarrafa jirgin a iska, ba ya zama sai ana yi. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ya fi tsananta shi ne masu sana'ar da suka koya a Bielsko da Jeżów a zamanin katako suna ƙarewa, kuma abin da ke hannun gwani ba duka ne ke shiga takarda ba.

7.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa jirgin shawagi jirgi ne marar inji da ke dogaro da iska mai hawa sama, kuma ana auna ingancinsa da ma'aunin zamiya. An ga yadda ƙarancin kuɗi da bukatar matuƙa suka tura Folan ga wannan fasaha, yadda ɗalibai suka ɗaga ta, yadda yaƙi ya rusa ta, da yadda aka sake gina ta a Bielsko har ma'aunin ya tashi daga 15 na Salamandra zuwa 38 na Cobra, duk da katako da yadi da gam. An kuma bayyana matakan ƙira da dalilan ƙarancin jiragen a yau. Labarin Salamandra, wanda aka sake zanawa daga guda ɗaya da ya tsira, ya isa ya sa malami ya dubi sana'o'in da ke kewaye da makarantarsa, irin su saƙa da jima da ƙira da ginin soro, ya tambayi kansa ko akwai wanda ke rubuta yadda ake yin su da kalmomin da masu su ke amfani da su.

Tambayoyi

1. Mene ne jirgin shawagi? Kawo hanyoyi uku da ake tayar da shi.
2. Jirgi mai ma'aunin zamiya 34 an sake shi daga tsayin mita 1,500. Kilomita nawa zai yi a iska mai natsuwa?
3. Yi bayanin gudummawar Wacław Czerwiński da Antoni Kocjan.
4. Bayyana matakan ƙera fiffiken katako bi da bi.
5. Tsamo kalmomin fannu biyar daga wannan babi, ka nuna wanda aka aro da wanda aka ƙirƙira, sannan ka kawo naka madadin.
6. Zaɓi sana'ar gargajiya ɗaya a garinku, ka rubuta bayanin matakanta cikin shafi biyu.